Mun sayi babbar na'urar kan rufi: dole ne a canza waya da bututun gas na tsohuwar?

Tambayar ta wani dattijo ce da ke cikin kwamitin wani masallacinmu a jihar Ohio ta Amurka. Gininsu tsohon shago ne mai shimfiɗaɗɗen rufi. Na'urar da ke ba su sanyi da bazara, ta ba su ɗumi da hunturu, mai tan 5 (tan a nan ma'aunin ƙarfin sanyayawa ne, ba nauyi ba), ta mutu. Sun samu ta hannu mai tan 7 da rabi. Ɗan kwangila ya ce sai an canza wayar wuta da bututun gas gaba ɗaya, kuɗin kuma ya yi musu nauyi. A cikin jama'a akwai wani ɗan'uwa da ya shekara da shekaru yana aikin wayarin a Kumasi, ya ce zai haɗa musu fisabilillahi. Alhaji yana son ya sani ko ɗan kwangilar cutarsu zai yi. Ya turo hoton farantin da ke jikin na'urar da na tsohuwar wayar, ya kuma auna tsawon bututun.

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na duba hotunan. Ba zan iya cewa komai a kan farashin da ya yanka muku ba, wannan ku nemi mutum biyu ko uku su yi muku nasu ƙiyasin. Amma a kan cewa sai an canza waya da bututu, gaskiya ya faɗa muku. Ba sai kun ɗauki maganata haka kawai ba, lissafin yana nan a kan ɗan farantin ƙarfen da kuka ɗauka hoto.

Ku sake duba shi. An rubuta 208/230, wato bolt ɗin wutar da take aiki da ita, layi uku. Ƙasa da haka akwai MCA 42, sai MOCP 50. Waɗannan lambobi biyu su ne alƙalan duk aikin wutar. Ta farko tana cewa wayar da za ta ciyar da na'urar kada ƙarfinta ya gaza amfiya 42. Ta biyu tana cewa bireka ko fis ɗin da zai tsare ta kada ya wuce 50. Kamfanin ya riga ya yi lissafin: ya ɗauki abin da babbar kwamfuresa, wato injin da ke matsa iskar sanyi, ke ja, ya ƙara masa kashi 25 cikin ɗari, ya tara da na sauran injinan da ke ciki, har da fankoki. Aikinmu shi ne mu bi, ba mu sake lissafi ba.

Wayar da ke cikin bututunku yanzu lamba 10 ce. A teburin dokar lantarki ta Amurka, wadda ake kira NEC, jan ƙarfe lamba 10 amfiya 35 yake ɗauka a ma'aunin da muke amfani da shi a irin wannan aiki, lamba 8 kuma 50. Ga 35, ga 42. Magana ta ƙare, sai lamba 8 aƙalla. A nan ƙasar lamba tana raguwa ne waya tana ƙara kauri, saɓanin lissafin milimita da muka saba da shi a gida. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, idan aka bar lamba 10 ɗin aka ɗora bireka 50, na'urar za ta tashi lafiya lau, kowa ya ce alhamdulillahi. Wayar ce za ta riƙa gasuwa a hankali cikin bututu, robar jikinta ta bushe ta tsattsage, babu mai gani, sai ranar da ta ga dama.

Akwai wani abu da na san zai ba ɗan'uwanmu na Kumasi mamaki idan ya buɗe akwatin wuta: zai ga tsohuwar waya lamba 10 a ƙarƙashin bireka 40, ya ce wanda ya yi aikin farko bai san aiki ba. Ya sani. A na'urar sanyaya, kwamfuresa tana da abin da ke yanke ta da kanta idan ta ja wuta fiye da kima, birekar kuwa tana gadin haɗuwar wayoyi ne kawai, kuma dole ta yi girman da za ta jure fizgar da kwamfuresa ke yi lokacin tashi. Sashe na 440 na dokar ya yarda da haka. A soket ko fitila ba a yi.

Sai maganar zafin rufi, wadda ita ce ma'aikata da yawa ke tsallakewa. Wanda bai taɓa hawa baƙin rufin roba a watan Yuli ba, ba zai gane ba. Ta cikin takalmi kake jin ƙunar. Dokar ta ce idan bututun waya yana kwance a rana, tazararsa da rufi ba ta kai kusan inci ɗaya ba (bakwai bisa takwas na inci, a taƙaice), sai an ƙara digiri 33 na ma'aunin Celsius a kan zafin garin kafin a yi lissafi. A ce zafin bazararku 33 ne, ya zama 66. A wannan zafin, lamba 8 ɗin da muka zaɓa ƙarfinta ya faɗo zuwa wajen amfiya 32, ta gaza 42 ita ma. Maganin ba waya mai tsada ba ne. A ɗaga bututun a kan ƴan tubalan roba, iska ta riƙa bi ta ƙasansa. In da hali ma, a fito da wayar ta cikin gindin da na'urar ke zaune a kai, kada ta yi yawo a kan rufi ko kaɗan.

Kusa da na'urar dole a sa makunnin yanke wuta, inda mai gyara zai riƙa ganinsa da idonsa yana aiki, kuma kada a ɗaure shi a kan murfin da ake cirewa ko a rufe farantin da shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ina kan rufi hannuna cikin fanka, wani bawan Allah a ƙasa ya ga masallaci ya yi zafi ya je ya ɗaga bireka. Tsohon makunninku, idan na amfiya 30 ne, shi ma ya tafi; na 60 za a sa. Haka nan doka tana son soket na bolt 120 a cikin tazarar ƙafa 25 daga na'urar, irin mai yanke kansa idan wuta ta ɓalle, kuma kada a jawo shi daga bayan makunnin, don idan an kashe na'ura domin gyara a lokacin ne ake bukatarsa. A sa koriyar wayar ƙasa ta bi bututun tun daga akwatin wuta har jikin na'urar. Kada a ce ai bututun ƙarfe ne ya wadatar. Sanyi da zafi suna sassauta mahaɗansa a kan rufi, na sha ɗaga bututu ya rabu biyu a hannuna.

Yanzu abubuwa biyu ƙanana da suka fi komai sa a kira ni bayan wani ya gama aiki. Na farko, yawancin gine-ginen shaguna a nan wutarsu 208 ce, amma ƙaramin taransifoman da ke cikin na'urar, mai sauko da wuta zuwa bolt 24 domin tamostat, wato ɗan akwatin bango da ake saita sanyi da ɗumi da shi, daga kamfani a kan 230 yake fitowa. Waya ɗaya ce tak za a cire daga wannan baki a mayar wancan. Idan aka manta, bolt 24 ɗin ba zai cika ba, sai ka ji abin da ke kunna kwamfuresa yana kaɗa haƙora kamar mai jin sanyi, har ya ƙone. Tunda taku ta hannu ce, ba mu san a wace wuta ta yi zama ba, a auna a duba. Na biyu, juyin layi uku. Kwamfuresar zamani mai murɗaɗɗen ciki hanya ɗaya take matsa iska. Idan aka sauya layi biyu, baya za ta juya: ƙara mai muni, babu sanyi, allurar ma'auni ba ta motsi. Aka bar ta haka, ta tafi. Gyaran shi ne a musanya waya biyu a wajen makunni, inda wuta ke shigowa, ba a cikin na'urar ba. A kuma auna layukan uku. Bambancinsu kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari.

Wayar tamostat ba ta shiga bututu ɗaya da wayar wuta. Ku ƙirga zarenta ma: tsohuwar na'ura wataƙila mataki ɗaya gare ta, sabuwar kuwa mai yiwuwa sanyi mataki biyu, ɗumi mataki biyu, zare biyar ba zai isa ba. A ja mai takwas a huta. Sannan tan 7 da rabi yana tura iska wajen ƙafa kubik 3,000 a minti ɗaya, alhali daga an haura 2,000 doka tana neman na'urar shaƙar hayaƙi a cikin hanyar iska, wadda za ta kashe fanka idan gobara ta tashi, kada ta rarraba hayaƙi a kan sahu. Mai tan 5 tana bakin iyaka ne, shi ya sa wataƙila ba ku da ita. Ku tambayi ɗan kwangilar ko ta shiga cikin ƙiyasinsa.

To mu zo kan gas, inda na fi son Alhaji ya ba ni kunne.

Gas ɗin bututu na nan ba na tukunyar da muka sani a gida ba ne. Na tukunya yana da matsi mai yawa, regileta ke rage shi. Wannan kuwa yana fitowa daga mita da matsi kaɗan ƙwarai, wanda bai fi ya ɗaga ruwa inci 7 a cikin siririn tiyo ba. Numfashin da kake hura balan-balan da shi ya fi shi ƙarfi. Da wannan ɗan ƙarfin zai yi tafiyar ƙafa 80, ya hau bango, ya bi kwanoni, ya isa rufi da sauran abin da zai ishi bawul ɗin na'urar ya ba wuta inci 3 da rabi. Saboda haka faɗin bututu shi ne komai.

Farantinku ya ce BTU 180,000 a awa (BTU ma'aunin yawan zafi ne). Ƙafa kubik ɗaya ta wannan gas tana ba da BTU 1,000 da ɗan ɗoriya, wato kuna bukatar wajen ƙafa 180 a awa. Teburin dokar gas, na baƙin bututun ƙarfe, ya ce a tsawon ƙafa 80 bututu mai uku bisa huɗu na inci 117 yake iya kaiwa. Tsohuwar na'urarku 115,000 take ci, kun ga daidai wuyanta aka yanka mata. Mai inci ɗaya 220 yake kaiwa a wannan tsawon, shi ne naku. Amma a hoton mitar na hango reshe ya ɓalle ya yi ciki, ina zaton na tukunyar ruwan zafin alwala ne. Irin waɗannan sukan ci 40,000. Idan haka ne, guntun da ke tsakanin mita da wannan reshe zai ɗauki 220 cif, babu ko rarar numfashi. Ni da nake aikin, inci ɗaya da kwata zan sa a wannan guntun. Ita kanta mitar ma a kira kamfanin gas a gaya musu an ƙara kaya. Ƙaramar da aka fi sa wa ƙananan gine-gine 250 take fitarwa, kuma su ne masu cewa ta isa ko a canza.

Wani zai ce, ai bakin da ke jikin na'urar ƙarami ne, me ya sa za a kawo masa babban bututu? Ƙaramin bakin inci nawa ne tsawonsa? Tafiyar ce ke cinye matsi, ba ƙofar shiga ba. A kawo babba har gindin na'urar, a rage a nan.

Bari in ba ku labarin wani gidan abinci da aka kira ni a wani watan Janairu. Ɗuminsu yana aiki da rana, da daddare ya ɗauke. An canza musu allon sarrafawa, an canza abin kunna wuta, kuɗi sun tafi, matsala na nan. Na hau rufi bayan isha'i, dusar ƙanƙara har idon sawu, na ɗaura ma'aunin matsi a bakin bawul. Inci 7, lafiya. Na ce wa yaron da ke riƙe mini fitila ya leƙa ƙasa ya ce su kunna duk murhunansu. Ina kallo lambar tana sauka, 6, 5, 4, na'urar na buɗe mataki na biyu ta faɗa ƙasa da 3. Harshen wutar ya yi laushi, ya yi rawa, ya mutu. Sau uku ta gwada ta kulle kanta. Ba abin da ya lalace a jikinta, yunwa ce kawai. Wanda ya ɗora musu ita ya bar siririn bututun tsohuwar. Ku lura da lokacin da irin wannan ke bayyana: daren da ya fi kowane sanyi, lokacin da komai ke jan gas a tare. A wajenku asubahin Janairu ke nan, ana alwala da ruwan zafi, dattawa na jiran ɗumi.

Yadda ake ƙarasa bututun a gindin na'ura yana da tsari, kuma Alhaji zai iya dubawa da idonsa ko bai taɓa riƙe sifana ba. Da farko bawul ɗin rufewa na hannu, kada ya wuce ƙafa 6 daga na'urar. Bayansa mahaɗi mai fuska uku, wani guntun bututu mai murfi ya sauka ƙasa aƙalla inci 3. Wannan shi ne tarkon datti, tsatsa da ɓurɓushin ƙarfe su faɗa ciki maimakon su shiga bawul. Sai yuniyan, wato mahaɗin da ake kwancewa ba tare da an juya bututu ba, sannan na'ura. Idan kun ga yuniyan ya riga bawul, an yi aikin baibai, domin ba za a iya kwance na'urar ba sai an rufe gas na ginin duka. Bututun kada ya gitta gaban murfin da ake buɗewa don gyara. A kan rufi a ɗaga shi aƙalla inci 3 da rabi, a tallafe mai inci ɗaya duk ƙafa 8, a kan tubalan da aka yi don haka. Guntayen katako da ake jefawa a ƙasansa ruɓewa suke yi, kuma ƙarfe yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, yana goga rufi har ya huda. A shafe shi da fenti, galibi ruwan ɗorawa, saboda tsatsa. Kuma bututun gas ba wayar ƙasa ba ne, kada a rataya masa wannan aiki.

Kafin a saki gas sai an gwada. Ana cire na'urar daga layin, a toshe bakin, a hura iska ko naitirojin, ba iskar oksijin ba har abada, zuwa aƙalla fam 3 a kan kowane murabba'in inci, a zuba wa allura ido tsawon lokacin da hukumar garin ta yanka. Cire na'urar ba ƙa'idar banza ba ce: bawul ɗinta rabin fam kawai yake jurewa, fam 3 zai fasa masa ciki, rufe bawul na hannu kuma bai isa kariya ba. Bayan an mayar an saki gas, a bi kowane mahaɗi da ruwan kumfa. Ashana ko laita, ko da wasa.

Sai batun ɗan'uwanmu. Allah ya saka masa da alheri, kuma ban raina hannunsa ba. Masu wayarin na gida da yawa sun fi na nan tsaftar aiki. Amma ƙasar ta bambanta har a launi. A tsohon tsarin Ingila da aka koya mana, baƙar waya ita ce marar wuta. A nan baƙa ita ce mai kisa, fara ce marar wuta. Hannun da ya saba shekara ashirin yakan riga tunani. Ban da haka, a Ohio aikin lantarki da na ɗumama a ginin da ba gidan kwana ba na mai lasisin jiha ne, da takardar izini, da sufeto ya zo ya gani. Masallaci wurin taron jama'a ne. Idan wani abu ya faru, abin da kamfanin inshora zai fara nema takardar nan ce, kuma sunayen ƴan kwamiti ne a kan ginin. A ranar 26 ga Maris 2015 wani gini ya fashe a unguwar East Village ta birnin New York saboda haɗin gas da aka yi ta bayan fage. Mutum biyu suka rasu, gine-gine uku suka tafi, kuma a 2019 kotu ta kama mai ginin da ɗan kwangilarta da mai haɗa bututun da ba shi da lasisi da laifin kisa ba da niyya ba.

Wannan bai hana a rage kuɗi ba. Ku zauna da ɗan kwangilar ku tambaye shi wane aiki zai yarda jama'a su ɗauke masa: fentin bututu, ɗaukar kaya zuwa sama, kwashe tsohon ƙarfe, buɗe silin da mayar da shi. Wasu suna yarda, wasu inshorarsu ba ta bari. Ɗan'uwan kuma ku naɗa shi idon kwamiti, ya tsaya a kan aikin da wannan bayanin a hannunsa. Tsohon bututun waya, idan uku bisa huɗu ne kuma bai ruɓe ba, zai ɗauki lamba 8 guda uku da wayar ƙasa, sai a zare tsohuwa a ja sabuwa. Wannan kaɗai ragi ne mai kyau, ku tambaya.

Abu ɗaya da ba ku tambaya ba amma ba zan yi shiru a kai ba, tunda ta hannu ce. Kafin ku biya kuɗin motar ɗaga kaya, a buɗe ɓangaren ɗumin tun tana ƙasa a haska bututun da wuta ke bi ta cikinsu. Idan akwai tsaga ko hudar tsatsa, hayaƙin gas zai iya gauraya da iskar da ake turo wa masallata, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. A duba farantin a ga wane ruwan sanyi take sha. Idan R-22 ne, an daina yin sa da shigo da shi Amurka tun 1 ga Janairu 2020, duk ranar da ta yi yoyo za ku ji a aljihu. A tabbatar an saita ta a kan gas ɗin bututu ne, ba na tanki ba, don ramukan wutarsu ba ɗaya ba ne. Ta kuma fi tsohuwar nauyi da faɗi, gindin da ke kan rufin ba zai yi mata daidai ba sai da mahaɗi, kuma wanda ya san gini ya ce rufin zai ɗauka.

Ranar tayarwa, a ba ta wuta tun jiya, tamostat a kashe, domin ɗan abin ɗumama man kwamfuresa ya yi awa 24 yana aiki. Idan ɗan kwangilar ya zo, ku kunna ruwan zafin alwala ya yi ta zuba, ku sa ɗumi a mataki na biyu, ku ce ya nuna wa ɗan'uwanmu ma'aunin matsi a bakin bawul wuta na ci. Mafi ƙarancin da kamfanin ya yarda da shi yana rubuce a farantin, galibi inci 4 ko 5. Ya rubuta muku abin da ya gani, da bolt na layukan uku, da amfiyar da kowace kwamfuresa ta ja, a kan takardar da za ku biya shi da ita. Ku turo mini hotonta in duba.